Rigar Saƙi a Bargon Fatu

Ni dai ban yi shawara da kowa ba ranar da na sa almakashi a kayan maigidana. Da ma wa zan tambaya? Wata biyu ke nan da babur ya kayar da shi a hanyar Roni, ina cikin takaba, ba fita, daga ni sai 'yata Fatu sai keken ɗinki a gidanmu na Gwiwa.

Sunana Tasalla, kuma da sikila aka haife ni. Duk wanda ya gan ni sai ya ce sannu, ko da lafiyata ƙalau. Tun ina ƙarama ake yanke mini kwana: ba za ta kai goma ba, ba za ta kai aure ba, ba za ta haihu ta tashi ba. Na kai, na yi, na tashi, masu faɗar ma wasu na riga na yi musu addu'ar arba'in. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne Fatu ta gado ni. Shekararta huɗu, in sanyi ya taɓa ta sai yatsunta su kumbura, ta yi ta kuka har murya ta dishe. Na san abin da take ji a ƙashinta, shi ya sa kukanta yake kashe ni sau biyu.

Sana'ata bargon ƙyalle. Ragowar yadi nake haɗawa a keke, guntu da guntu, har ya zama shimfiɗa biyu, in zuba audugar rimi a tsakani, sannan in bi shi da basilla da hannu layi-layi don kada audugar ta gudu gefe guda. Maigidana ne yake ɗauko mini buhun ƙyallaye wurin telolin Kazaure duk sati. Da ya rasu buhu ya daina zuwa, ni kuma ba halin fita.

Sai aka shiga marka. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi. Tsohon bargon Fatu audugarsa ta dunƙule, ba ya tare komai. Ranar ta ukun da hantsi na dube ta tana rawar ɗari, leɓenta ya yi fari, na dubi adakar maigidana a ƙarƙashin gado, na jawo ta.

Kada wani ya ce jahilci ne. Na sani sarai ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, ko hula ce. Amma na ce a raina ai rabin abin da ya bari na Fatu ne, na ɗauki nata da wuri. Na yanka kaftani huɗu, na yanka shadda mai ruwan toka. A can ƙasa na tarar da wata tsohuwar babbar riga ta saƙi, mai kauri, mai nauyi. Ban taɓa ganin ya sa ta ba, sai dai ya shanya ta a rana sau ɗaya a shekara ya mayar. Na ce wannan ce mai ɗumin. Na yanka ta gida takwas, na jera ta a tsakiya, daidai inda ƙirjin yarinya zai kwanta.

Kwana tara na yi a kansa. In hannuna ya riƙe sai in tsoma shi a ruwan ɗumi, in ci gaba. Fatu tana zaune a gefen da na gama, tana nuna guntayen da yatsa tana cewa, "Wannan na Baba ne, wannan ma na Baba ne." Ranar da na lulluɓa mata shi ta yi barci har da minshari. Na ji daɗin da ban ji ba tun ranar jana'iza.

Ranar Alhamis da safe Yaya Daudu, wan maigidana, ya iso daga Kanya Babba, ya goyo mahaifiyarsu Inno a babur. Rabon gado suka zo yi. Malam Sama'ilu, limamin unguwarmu, ya zauna a zaure yana jira a fito da kaya. Ni da Yaya Daudu da ma ba ma shan inuwa ɗaya. Tun ranar sadakar bakwai ya faɗa a gaban mutane cewa mara lafiya ba ta renon mara lafiya, in ya dawo zai tafi da Fatu. Tun daga ranar, in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai in jawo Fatu jikina.

Na durƙusa na gaishe su. Inno ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar jikin yarinya. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya sunkuya ya ɗaga adaka. Ya ji ta ba nauyi. Ya dire ta, ya buɗe. Ba komai a ciki sai wuyan riguna da bakin wando da huluna biyu.

"Ke Tasalla, ina kayan?"

Idonsa ne ya kai kan gado, inda Fatu take barci a cikin bargo. Ya daɗe yana kallon tsakiyar nan. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Rigar Baffa ce wannan," ya ce a hankali. "Rigar mahaifinmu kika yanka."

"Yaya, wallahi ban san ta Baffa ba ce. Yarinyar ce take jin..."

Marin ya zo kafin in rufe baki. Kunnena ya yi ɗif, na faɗa kan keke. Ya fizgi bargon da ƙarfinsa duka, Fatu ta mirgino daga gado ta faɗo ƙasa a kan kafaɗarta. Ƙarar da ta yi har yau tana cikin kaina. Na rarrafa zan ɗauke ta, ya sa ƙafa ya ture ni, na bugu da bango. Sannan ya juya kan keken. Ya hankaɗa shi, kan keken ya ɓalle ya faɗo mini a ƙauri. Na ji ƙashin ya amsa, zafi ya tafi har tsakar kaina.

Inno tana cewa, "Daudu, ka bari. Daudu, takaba take yi." Ko juyowa bai yi ba. Ya taka gefen bargon, ya ja da hannu biyu, ɗinkin kwana tara ya ɓarke, audugar rimi ta tashi ta cika ɗakin. Yana ja yana kuka, ƙaton mutum da gemunsa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Da ina da ƙarfi a lokacin da na fasa masa kai da kan keken nan.

"Ɓarauniyar kayan mamaci," ya ce. "Ke da kike jiran kabari, ke za ki riƙe mana jininmu? Yau ɗin nan za ta bar gidan nan."

Ya sunkuci Fatu a hannu ɗaya, ragowar bargon a ɗayan, ya fita. Tana miƙo hannu tana kiran Umma. Na kama ƙafarsa a bakin ƙofa da hannu biyu. Ya ja ni a tsakar gida cikin taɓo, gwiwoyina suna gurzar ƙasa, ɗankwalina ya faɗi. Ya shure ni a haƙarƙari, ban saki ba. Ya sake shuri, a baki wannan karon, na ji haƙori ya motsa, jini ya cika mini baki. Sai na saki.

Malam Sama'ilu ya miƙe a zaure yana salati yana cewa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ba haka ake yi ba." Yaya Daudu ya bangaje shi ya wuce. Malam tsoho ne, buzunsa ma da ƙyar yake ɗauka, ban ga laifinsa ba.

Ban san lokacin da na koma ɗaki ba, ban san yadda ƙafar ta ɗauke ni ba. Na dai ga babban almakashina a hannuna, wanda nake yanka yadi ninki huɗu da shi. Na ratsa zaure. A bakin ƙofar waje na tsaya. Wata biyu ban taka wannan dokin ƙofa ba, ga kaina ba ɗankwali, ga maza sun fara taruwa. Ya riga ya hau babur, ya zaunar da Fatu a kan tanki, ya danne ta da bargon, yana buga kik don ya tayar da injin. Da injin ya kama a bugun farko da shi ke nan. Bai kama ba.

Na fita. Ba gudu na yi ba, ba ni da ƙafar gudu. Ya ɗaga ƙafa zai sake bugawa, na kama almakashin da hannu biyu na luma masa a cinya, na danna da duk nauyina, ɗan abin da nake da shi. Na ji ya shiga. Ya yi wata irin ƙara, babur ya kwanta, dukanmu muka zube. Jini ya yi tsartuwa, ya wanke bargon, ya wanke fuskar Fatu. Ya kai mini naushi a ido, na zare almakashin na sake ɗagawa. Da ba a riƙe hannuna ta baya ba da na ƙara masa, kuma ba a cinya ba. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Inno ce ta riƙe ni. Tsohuwar da ake taimaka wa ta hau babur, ita ta murɗe mini hannu har almakashin ya faɗi. Ta ture ni gefe, ta zaro Fatu daga ƙarƙashin bargon, ta goge mata fuska da bakin zanenta. Yarinyar ta daina kuka ma, ido kawai ta zuba mini.

Maza suka ɗaure wa Yaya Daudu cinya da rawanin Malam. Yana kwance yana rantsuwa sai ya ga an ɗaure ni. Inno ta goya Fatu, ta ɗaure majanyi, sannan ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ba wanda zai kai ƙarar kowa. Ka daki mai takaba a ɗakin ƙanenka, ka je ka faɗa wa alƙali haka in kana so. Yarinya kuma ba inda za ta. Ni zan zauna a nan." Ta juyo kaina. "Ke kuma, ni na kaɗa zaren rigar nan da hannuna, ina amarya. Shekara guda na yi ina kaɗi. Da kin aiko kin tambaya, da na ba ki ita da kaina."

Daga nan ciwona ya tashi gaba ɗaya, kamar ana sara mini ƙasusuwa da gatari. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti a Kazaure, aka ƙara mini jini, aka ɗaure ƙaurin. Kullum tambayata ɗaya ce ga duk wanda ya zo dubiya: tana nan? Su ce tana nan. Ban yarda ba sai da na dawo na gan ta da idona, zaune a cinyar Inno tana shan kunu. Na yi kuka na gode wa Allah. Na miƙa mata hannu, ta juya ta cusa kai a ƙirjin kakarta. Inno ta ce in ba ta lokaci.

Keken bai gyaru ba. Da hannu na mayar da bargon, ina zaune ƙafa a miƙe. Na wanke shi sau uku, jinin ya fita daga ko'ina ban da saƙin, shi ya sha ya riƙe. Na ƙara auduga, na bi shi da basilla layi-layi, ya ma fi da kyau. Duk lokacin da na ɗauki almakashi zan datse zare, sai Fatu ta tashi ta fita tsakar gida. Sai na koma datsewa da haƙori.

Ranar da na gama aka wayi gari da ruwa, irin mai sanyin nan na ƙarshen damina. Fatu tana kwance a tabarma ta dunƙule, yatsunta sun fara kumbura. Na ɗauko bargon na matso a hankali, ina ce mata, "Ga na Baba, 'yar albarka, ga na Baba ya dawo." Ta buɗe ido ta ga saƙin nan. Ta ja da baya da gindi har ta kai bango, ta sa hannu biyu ta kare fuskarta.

"Umma, kar ki soke ni."

Inno ta shigo ta ɗauke ta, ta lulluɓe ta da tsohon mayafinta, wanda ko iska ba ya tarewa. Ina jin haƙoran yarinyar suna haɗuwa a bayanta. Na ninke bargon gida huɗu, na jawo adaka daga ƙarƙashin gado, na sa shi a ciki na rufe.