Direban Ne Ya Yi Zafi

Safiyanu direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Ikara da Zariya. Tun da ƙanensa Muhsin ya rasu a hatsarin babur bara da damina barci ya ƙaurace masa. Matarsa Wasila ta yi ta fama da shi har ya yarda ya fara zuwa asibiti a Zariya duk Talata, wurin wata likita mai kula da masu damuwa. Ba allura, ba ƙwaya, sai zama da hira.

Likitar ta kafa masa doka: ranar ganinta kada ya ɗauki fasinja, kuma in ya ji zuciyarsa ta tashi a hanya, ya sauka gefen titi ya kashe mota.

A Talata ta huɗu hirar ta kai ga ranar rasuwar, ya yi kuka kamar yaro. Ya wanke fuska, ya zauna a mota kusan rabin awa kafin ya tayar. A bakin get sai ga Goggo Mairama, ƙanwar mahaifinsa, ta fito daga awon ido.

"Allah ya kashe ya ba ni!" in ji ta. Ta buɗe gaba ta shige tun ba su gama gaisawa ba. Wa zai ce wa Goggo ta sauka?

Sun wuce Likoro kenan wani mai babur ya gifta su da jar hula irin ta Muhsin. Hawaye suka rufe wa Safiyanu titi. Ya ba da sigina, ya rage gudu a hankali, ya gangara ƙarƙashin wani mangwaro ya kashe mota.

"Mai ne ya ƙare?"

"A'a, Goggo. Ni ne."

Ta dube shi, ta ga hawaye a fuskarsa. Ta fita ta sayo rake wurin wani mai baro. Shi kuwa yana jan numfashi yana saki a hankali, yadda aka koya masa.

Wani bawan Allah ya tsaya da kekensa. "Sannunku! A tura ne?"

"Motar lafiyarta ƙalau," in ji Goggo. "Direban ne ya yi zafi, muna jira ya huce."

Dariya ta ƙwace wa Safiyanu, ga hawaye ga majina. Goggo ta miƙa masa gaɓa biyu, ta shiga ba shi labarin ranar da Muhsin yana ɗan shekara shida ya shiga gonar rakensu ya sha har cikinsa ya murɗa, ya fito yana rantsuwa biri ne ya yi ɓarnar. Safiyanu bai taɓa jin wannan ba. Suka yi ta dariya har raken ya ƙare.

Sai da ya ji zuciyarsa ta kwanta, sannan ya tayar. Suka yi La'asar a Makarfi, suka ƙarasa Ikara ba gaggawa.

Tana sauka ta leƙo ta taga.

"Wai likitar nan taka tana duba tsofaffi? Ni ma fa barcin nan sai a hankali."

"Tana dubawa, Goggo."

"To Talata ka biyo mini. Amma motar Iliyasu direba za mu shiga, ka ji? Kowa ya yi kukansa a baya hankali kwance."