Jan Layi a Gindin Tafki

Shekara ashirin da shida Ortwin Brokamp yana kula da tafkin simintin da ke tare ƙazantar gari idan ruwan sama ya cika magudanai, don kada ta zarce kogi. Kwatsam hukuma ta ce laka na tserewa, sai an haƙa tafki na biyu. Filin da aka nuna kuwa nan lambunan unguwa suke, har da nasa da matarsa Hedwig, wadda tuni ta fara tone kurangar inabinsu don a sauya mata wuri.

Sai ga injiniya Frau Tiedemann da kwamfutarta. Ta cika doguwar kwalba da ruwan kwata, ta tsura masa ido da agogo a hannu, tana auna saurin kwanciyar kowane irin datti. Ta yi makonni tana ɗura wa kwamfutar alƙaluma, har tafkin ya fito a allo, ɗige-ɗige na yawo cikinsa. Ta ce gajeriyar katanga a bakin mashiga za ta karya ƙarfin ruwan, lakar ta kwanta, ba sai an haƙa komai ba. Aka kafa ta gwaji da katako.

"Frau Tiedemann, wai na'urar nan taki ta taɓa shaƙar warin nan kuwa?" in ji Ortwin.

"Ni nake shaƙa mata, Herr Brokamp."

"To in lissafin bai kai ba, ki ɗan taɓa shi mana. Wa zai sani?"

"Kifayen kogi. Riƙe min bokitin nan."

Ta sauka gindin tafkin, ta ja layi da jan fenti. Ta ce nan lakar za ta tsaya, in ta wuce, a haƙa tafki na biyun. Ta ɗauki hoto ta tura wa hukuma tun hadari bai haɗu ba. Haushi ya kama Ortwin, ga kuma tsoro. Wace irin mace ce wannan, da ba ta bar wa kanta ko ƙofar kame-kame ba?

Ran Laraba da rana aka sheƙa ruwa. Ran Juma'a tafkin ya tsane, Ortwin ya sauka ta tsani. Baƙar laka ta shimfiɗe fal, ta tsaya taku guda kafin layin. Ya bi shi daga bango zuwa bango, bai ga inda ta ƙetare ba. Abin ya burge shi. Ita ko tana durƙushe a lungu da sandar awo, tana mita wai kaurin lakar ya saɓa wa lissafinta da faɗin yatsa biyu.

Ya cire safar hannu, ya ciro waya.

"Hedwig, daina tone inabin nan. Mayar masa da ƙasarsa."