Layin da Manaja Ya Gani a Waya

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Maigida. Duk ranar da zai hau jirgin sama zuwa reshen kamfaninsa da ke wani gari, ni nakan yi gaba da mota tun ana gobe, in kwana can, in tarye shi a filin jirgi. Ba ya shiga motar haya saboda ciwon baya.

Sai ya ɗauko ƙanin matarsa ya naɗa shi manaja. Ran Litinin Manaja ya kira ni ofis, yana ta juyi a kujera.

"Direba, yawon kwanan nan naka ya ƙare. Gobe kai za ka kai Yaya filin jirgi, kai za ka tarye shi a can."

Na ce, "Da fukafukin wa?"

Ya turo mini wayarsa, ga wani layi miƙe sak tsakanin garuruwan biyu. "Kilomita ɗari biyu da tamanin ne kacal. Awa biyu zai yi yana jiran jirgi, minti hamsin a sama. Awa uku ba ta ishe ka ba?"

"Wannan hanyar jirgi ce. Akwai kogi a tsakani, gadar tana can kudu. Awa bakwai ne a mota."

"Kai da ko firamare ba ka gama ba, za ka koya mini taswira? In ba ka iyawa, ajiye makulli."

'Ya'yana shida. Na ce na ji, amma ya shigo mu tafi tare ya nuna mini.

Washegari ƙarfe takwas na safe muka sauke Maigida a filin jirgi. Da muka iso mararrabar da ake karyawa zuwa gada, Manaja ya ce in miƙe. Na miƙe. Bayan awa ɗaya kwalta ta ƙare a bakin ruwa, mata na wanki, ga kwalekwale ɗaya a ɗaure. Na kashe mota.

"Ga layinka, ranka ya daɗe. In shiga?"

"Juya, ɗan rainin wayo."

Sai bayan biyar na yamma muka isa. Filin jirgin ɗaki ɗaya ne, jirgi ɗaya ke sauka a rana, tuni sun kulle. Maigida na zaune a bencin maigadi, ya dafe baya, taron da ya kawo shi garin ya watse tun azahar.

Manaja ya riga ni fita. "Yaya, direban nan ne ya ɓatar da mu."

Maigida ko kallonsa bai yi ba. Ni ya kalla.

"Ka san hanyar gada?"

"Na sani."

"To me ya kai ka bakin kogi?"

"Cewa aka yi in miƙe."

"Shi wawa ne, na sani. Kai kuwa da saninka ka bar ni a benci don ka kunyata shi. Kawo makullin."

Na ajiye shi a kan bencin. Na ɗauki jakata daga but ɗin mota, na tambayi maigadi ta ina ake zuwa tashar mota.