Izu Ɗaya Zuwa, Izu Ɗaya Dawowa

A raka'a ta uku ta sallar La'asar, Malam Jaji ya yi kabbara daga sujada, sahu biyu da ke bayansa suka miƙe tsaye, shi kuwa yana nan inda yake. Gwiwoyi suka ce ba inda za su. Ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yunƙura, tumbi ya mai da shi. Wani daga baya ya ce "Subhanallahi," a zatonsa mantuwa liman ya yi. Ina mantuwa ga mutumin da izu sittin ke kansa? Dole ya yafito ladan Zakariya'u ya matso gaba ya ƙarasa da jama'a, shi ya idar da tasa a zaune, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana jan salla a wannan ƙaramin masallacin laka da fataken Damagaram da Maraɗi suka gina a bakin kasuwar Tamanrasset, tun Faransawa suna mulkin ƙasar har ga shi sun tattara sun tafi. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu. Daga hantsi zuwa magariba yana kan buzunsa, alƙalami a hannu, tawada a gefe, shayi mai sukari na zuwa yana wucewa. Tsakanin gidansa da masallaci taku ashirin ne, kuma wallahi ko su ma da za a ɗauke masa da ya gode.

Bayan addu'a, Alhaji Baƙo mai kantin atamfa ya matso. Shi ne babba a cikin fatake, a shekaru da kuma a jiki.

"Allah gafarta Malam, kai ka karantar da mu cewa wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu iyawa."

"Ni na karantar, Alhaji."

"To ka gani. Zakariya'u ya riƙe mana zuwa Babbar Salla. In jiki ya yi sauƙi, wurinka na nan. In kuma bai yi ba, sai mu aika Agadas a turo mana wani."

Malam Jaji ya ce hakan ya yi daidai, kuma daidai ɗin ne, amma maganar ta soke shi har zuci. Wata biyu kacal aka ba shi. Wannan masallacin shi ne ya riƙe shi a garin nan na duwatsu, in aka raba shi da shi, bai san me zai zauna yi ba.

Washegari ya je likita. Lokotoron, wani Balarabe daga arewa, ya matsa gwiwoyin, ya ɗora shi a kan ma'auni, ya girgiza kai. Ba allura, ba ƙwaya. Ya ce a rage sukari, kuma kullum safiya Malam ya yi tafiyar ƙafa ta awa guda.

"Zuwa ina?" in ji Malam.

"Ko'ina."

Nan fa ake yin ta. Dattijo mai rawani ba ya fita haka kawai ba inda za shi. Ranar farko, ko kwanar gidansa bai sha ba mai nama ya tare shi hankali tashe yana tambaya wa ya rasu, don in an ga liman a hanya da sassafe, ko jana'iza ce ko suna. Wani Ba'abzine ya sauko daga jakinsa ya rantse sai Malam ya hau. A ƙofar kowane kanti kuwa sai an ce, "Bismilla Malam, shayi ya nuna." Shayin garin nan kuma kofi uku ne, in ka sha na fari ka tashi kafin na uku ka ci mutuncin mai buta. Ya dawo gida da hantsi, kofi tara a ciki, taku bai kai ɗari ba. Kwana uku yana haka, ran na huɗu ya shimfiɗa buzunsa ya ce shi kam ya haƙura.

Matarsa Azumi tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya.

"Malam, in kana tilawa, wa ke katse ka?"

"Ba kowa."

"Ni da nake matarka, sai in tsaya da kwano a hannu har fura ta tsinke ban ce uffan ba. To izu biyun nan da kake karantawa bayan asuba, ɗauke su ka fita da su. In ga mai shayin da zai tare ka."

"Tilawa ai zama take so, Azumi."

"Ashe? Ba kai ka ce a kan raƙumi ka sauke Alƙur'ani sau uku daga Agadas zuwa nan ba? Ko raƙumin a zaune ya zo?"

Ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi.

Da gari ya waye ya yi alwala, ya yafa bargo saboda sanyi, ya yi basmala tun daga zaure. Mai nama ya ɗaga murya zai gaishe shi, ya ji karatu, ya haɗiye gaisuwar. Masu shayi suka bi shi da ido, butoci a hannu. Malam ya ɗaga musu hannu kawai ya wuce, baki na motsi, ransa fari ƙal. Sai dai ranar ko rabin izu bai kai ba numfashi ya ƙare, ya zube a kan wani dutse a bakin busasshen rafin garin yana haki, ya ƙarasa sauran a nan.

Bayan mako biyu ya kai rijiyar da ke bakin lambuna, kuma a daidai bakinta izu na farko ya cika. Sai abin ya zauna haka, ɗaya zuwa, ɗaya dawowa. Akwai safiyar da sanyi ke shiga har ɓargo, cinyoyi na ciwo, zuciya na ce masa yau dai a huta. Amma mutumin da ya shekara talatin bai taɓa tsallake tilawar safe ba, ta yaya zai fara yanzu? Tunda kuwa tilawar ta koma hanya, dole ƙafa ta bi ta.

Sannu a hankali ya fara ganin garin da ya daɗe a ciki bai sani ba. Ashe haka duwatsun Ahaggar ke yin ja in rana ta taɓa su. Ashe da sassafe manyan motocin da ke zuwa In Ekker, can arewa da garin, ke tashi. Wani mai lambu, Isufu, ya saba da shi har yakan ajiye masa tumatir biyu a bakin rijiya ba tare da ya ce komai ba. A gida kuma Azumi ta rage masa zariyar wando sau biyu, tana tsokanarsa wai in aka ci gaba haka sai ta ɗaure shi da igiya kada iska ta kwashe mata miji. Ya yi dariya har da ƙwalla, rabonsa da irin wannan dariya an jima.

Saura kwana uku Salla, da aka yi iƙamar La'asar, Zakariya'u ya ja da baya ya nuna masa gaba. Malam Jaji ya shiga. Ya ta da kabbara. Ya yi ruku'u, ya kai goshinsa ƙasa, ya zauna, ya sake komawa. Sannan ya ce "Allahu Akbar," ya dafa ƙasa.

Sai ga shi tsaye. Ba yunƙuri, ba nishi. Daɗi ya cika shi, ya kama Fatiha. Raka'o'in da suka rage kuwa ya kai su cikin sauƙi, yana tashi yana jin ƙasusuwan mutane na ƙara a bayansa.

Aka sallame, aka yi ta miƙo hannu ana barka. Da masallaci ya watse, saura mutum ɗaya zaune a sahun gaba, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa.

"Malam," in ji Alhaji Baƙo, "wurinka ne, ba mai ja. Sai dai a riƙa sassautawa, akwai masu nauyi a baya. Kana ruku'u ina neman tashi."

"Za a sassauta, Alhaji."

Alhaji Baƙo ya waiga ya tabbatar ba kowa, ya rage murya.

"Wannan fitar taka, yaushe ne?"

"Da an sallame asuba. Amma fa ba a hira a hanya, kowa da karatunsa."

"Ni ai ƙananan surori kaɗai gare ni." Ya murza gwiwa. "Ƙulhuwa nawa ce daga nan zuwa rijiyar?"

Malam Jaji ya miƙa masa hannu, ya ja shi ya tashe shi tsaye.

"Ban taɓa gwadawa ba. Zo gobe mu gani."