Hajiya Safara'u a Bakin Fili

Hajiya Safara'u ta yi shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, kuma rabin mazan Ƙofar Sauri sun taɓa durƙusawa a gabanta. Jikanta Ashraf, mai shekara goma, a wurinta yake zaune. Kowace Asabar sai ya saka rigar ƙwallo ya fita, ya dawo da labarin yadda suka lallasa 'yan wata unguwa. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne rigar na dawowa fes, har da karin guga. Da ta titsiye shi, sai ya ce ai wata biyar ke nan bai taɓa shiga fili ba. Su bakwai ne 'yan benci, aikinsu tafi da tsaron takalman jama'a.

Ranar wasansu da 'yan Ƙofar Kaura ta tari Keke Napep, ta sa aka ɗora mata kujerar roba, ta jefa tsohuwar ƙararrawar makaranta cikin jaka.

Mai horar da yaran, Babaji, tela ne, kuma ɗalibinta ne tun aji uku. Yana hango ta ya cire hular rana ya rusuna. Suka gaisa, ta tambayi mahaifiyarsa da ɗinki da ciwon gwiwarsa, sannan ta nuna bencin da baki. Babaji ya shiga bayani. Wasan yau babba ne, yaran benci ba su gama nuna ba, a Turai ma haka ake yi.

"Babaji, lokacin da ba ka iya karatu ba, waje na kore ka ko gaban allo na kai ka?"

Ya ce gaban allo, Malama.

"To, kowane yaro minti goma sha biyar. Ni ce mai agogo."

Aka take wasa. Minti sha biyar na cika ta kaɗa ƙararrawa. Alƙalin wasa, wanda shi ma ta hannunta ya bi, ya tsaya cak ya gyara wuyan riga kafin ya tuna inda yake. Babaji ya fitar da uku ya shigar da uku, fuskarsa kamar wanda ake cire wa haƙori. Da aka zo kan Siddiq, ɗan yayarsa da ke ci musu ƙwallaye, ya roƙa a bar masa shi. Hajiya ta ce shi ma ya ɗanɗana benci ya ji.

Wani siririn yaro cikin 'yan benci mai suna Usman, da ba wanda ya san ya iya komai, ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo. Babaji ya juyo yana gaya wa 'yan kallo cewa da ma ɓoye shi yake yi.

Ashraf kuwa ya yi gudu iya gudu, sai dai duk inda ƙwallo ta nufa shi yana wani gefen. Sau ɗaya ta same shi, a ƙeya, lokacin da ya juya yana ɗaga wa kakarsa hannu. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

'Yan Ƙofar Kaura suka ci uku da ɗaya. Babaji ya zo ya tsuguna gefen kujerarta kamar mai karɓar gaisuwa. Ya ce ya ji ya yarda, zai rubuta sunayen yara a bi layi, amma don Allah ranar wasan ƙarshe a sassauta masa. Ta ce za ta duba halinsa tukuna.

A hanyar gida Ashraf ya kwanta jikinta yana haki. Ya ce ƙafafunsa duk sun mutu, ko sati mai zuwa za a rage masa zuwa minti biyar?

"Sha biyar, kamar kowa," in ji Hajiya. Ta sa mai Keke ya tsaya a Ƙofar Kwaya ta saya masa fura.