Muryoyin da Badamasi Ya Bari

Na gaji da akwatin Muttaƙa tun ba yau ba. Ni ce mawaƙiyar ƙungiyarmu a Parakou, shi ne mai jita. Akwatin kuwa irin wanda ake takawa da ƙafa ne ya sauya wa jita murya, kuma ya girmi 'yata ta fari. Ka taka nan ya yi tari, ka taka can ya hau ƙugi, duk biki sai ya kunyata ni a tsakiyar waƙa.

Muttaƙa ya ƙi rabuwa da shi don na yayansa ne, marigayi Badamasi. Badamasi ne ya zauna ya daidaita muryoyin da ke ciki, kowace da lambarta, har da wata mai zaƙi kamar gurmi wadda fataken shanu ke so. Badamasi bai bar faifai ba. Abin da ya rage na kiɗansa yana cikin wannan tsohon ƙarfe.

Da aka kira mu bikin ɗan wani mai shanu a Djougou, na ce ko a gyara shi ko a nemi wata mawaƙiya. Muttaƙa ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya kai wa Saley mai gyaran rediyo a Gare, can bakin tasha. Ranar tafiya Saley ya miƙo akwatin yana ƙyalli.

"Patron, na wanke shi ciki da waje," in ji shi. "Na canza pil, wato batir, na mai da komai kamar ranar da ya fito daga kamfani. Wannan cadeau ne, kyauta na yi maka."

Ba wanda ya tambayi abin da yake nufi, ba wanda ya gwada. Mota tana jira.

A Djougou fili ya cika, na ɗauki waƙar uban ango. Muttaƙa ya taka lambar gurmi, sai lasifika ta saki ruri kamar injin niƙa. Tsofaffi suka toshe kunne. Ya taka ta gaba, ya sake takawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zufa. Babu tari, babu ƙugi, kowace ta fito tas, amma ba ko ɗaya ta Badamasi.

"Muttaƙa, ana kallonmu," na ce masa. "Cire shi ka buga haka nan."

Ya zare waya ya soka kai tsaye a lasifika. Aka yi rawa, aka yi liƙi, ba wanda ya ji wani abu ya ɓata. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

A hanyar komawa akwatin yana kan cinyarsa. Sai da muka yi nisa ya juyo.

"Yaya Naja'atu, kin daɗe kina waƙa a kan muryar nan. Rera min ita, ko zan iya sake haɗa ta."

Na rera iyakar abin da na tuna. Ya girgiza kai.

"Ba haka take ba."

"To yaya take?"

Ya fara rerawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya. Har muka shiga Parakou bai faɗa min ba.