Kifin da Ke Raguwa a Rumfar Banda

Ni Gwadabe, a Kirikasamma an san ni da kamun kai. In aka fito da ciyayya ƙofar gida, loma uku nake yi in tsame hannu. Mutane su ce, "Baba Gwadabe ba ya ci sai don kada ya faɗi." Ina jin daɗin maganar.

Abin da ba su sani ba, tun farin tamanin da huɗu, da kogi ya ƙafe muka ci dusa, na kasa ƙoshi. Da na tashi daga ciyayya sai rumfar banda. In tsuguna in cinye tarwaɗa biyar, shida. Ba na jin ɗanɗano, ba na sanin sa'ad da na fara. Sai dai in ga kawunan kifi a ƙasa, in binne su a toka.

Rumfar tamu ce mu biyu, ni da Mala, wanda muka shekara ashirin muna kamun kifi tare. Kifi ya yi ta raguwa. Matata Ma'u ta ce Mala ne ke sacewa. Na bar laifin a kansa. Magana ta fita gari, har fataken Haɗeja suka daina ba shi ajiyar kaya.

Wata Laraba bayan azahar Mala ya same ni a rumfar, bakina cike, hannu duk mai. Ya zauna. Ya ciro kawara ɗaya, kifin nan mai yawan ƙaya, ya miƙo mini.

"Ci wannan, Gwadabe. A gabana."

"Na ƙoshi."

"Kai ɗin? Ci. In ka yi sauri ƙaya ta maƙale maka, ba ni kai ka asibiti, kwalekwalena yoyo yake."

Na ci. Dole na bi ta sannu, ina tsince ƙaya da harshe. Na ji gishiri, na ji hayaƙi. Kafin in kai wutsiya na ji cikina ya cika har yana ciwo. Ashe kullum haka yake, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

"To," in ji Mala, "yaushe za ka cire mini sunan ɓarawo?"

Washegari na faɗa wa jama'a ni ne ke cinye kifin, kaina a ƙasa. Usman mai shayi ya fara dariya, wani ya tsawata masa. Ma'u ta kwana uku ba ta dube ni ba. Ran na huɗu ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Mala ba da haƙuri, ni ina biye da ita.